Yini Guda a Gaɓar Tekun Pembrokeshire

A kusurwar kudu maso yammacin Wales, cikin ƙasar Birtaniya, akwai wani yanki na gaɓar teku da gwamnati ta keɓe tun shekarar 1952 domin kare tsirrai da dabbobi da kuma kyawun da Allah ya yi wa wurin. Ana kiransa gandun ƙasa na gaɓar Pembrokeshire. Ɗimbin jama'a kan yi tururuwa zuwa can a lokacin zafi, amma kuma kafaɗa da kafaɗa da shi akwai ɗaya daga cikin manyan tashoshin mai da iskar gas na ƙasar. Wakilinmu ya yini a can, ya taka da ƙafa, ya kuma shiga jirgin ruwa. Ga abin da ya rubuto mana.

Ƙarfe biyar da rabi na safe rana ta riga ta fito a ƙauyen Marloes, domin a watan Yuni daren wannan yanki bai cika sa'o'i 8 ba. Baƙon da ya saba da lokutan sallar ƙasashenmu sai ya yi haƙuri da agogo, ya yi asuba yana magagin barci, magariba kuwa ba za ta yi ba sai bayan ƙarfe tara da rabi. Ƙauyen ya yi tsit. In ban da hasumiyar agogo da aka gina a 1904, da coci, da 'yan gidaje masu kaurin bango, babu abin da zai tsayar da mai wucewa. Sai dai a jikin ƙofofi da dama akwai ƙananan akwatunan ajiye mabuɗi, alamar cewa gidan na masu zuwa hutu ne. Wannan batu ne mai zafi a lardin. Masu hannu da shuni daga birane sun sayi gidaje da yawa a ƙauyukan bakin teku, suna zuwa na 'yan makonni a shekara, yayin da matasan da aka haifa a wurin suka kasa mallakar muhalli. A 2024 majalisar lardin ta ninka harajin irin waɗannan gidaje har sau uku, daga baya kuma ta ɗan sassauta.

Ya kamata a yi wa mai karatu wani bayani tun da wuri, domin kalmar gandu kan sa mutum ya tuno da Yankari a jihar Bauci, ko gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, inda akan tarar da ƙofar shiga da masu gadi, namun daji a ciki, garuruwa a waje. A Birtaniya tsarin dabam yake. Dokar da majalisa ta kafa a 1949 ba ta tashi kowa daga gonarsa ba. Mutane fiye da 20,000 ne ke zaune a cikin wannan gandu mai faɗin murabba'in kilomita 600 da 'yan kai, suna noman dankali, suna kiwon shanu da tumaki, kuma galibin filayen mallakarsu ne. Ikon hukumar gandun ya fi ƙarfi a kan gine-gine, wato ita ke da ta cewa idan wani ya so ya kafa otal ko masana'anta a bakin dutse. Abin da jama'a suka samu shi ne haƙƙin wucewa. Akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ta bi gaɓar tun daga Amroth a kudu har St Dogmaels a arewa, mil 186, kimanin kilomita 299 ke nan. An amince da taswirarta a 1953, amma sai a 1970 aka buɗe ta, domin sai da aka bi masu filaye ɗaya bayan ɗaya ana lallashi. Mai ƙarfin gwiwa kan gama ta cikin mako biyu. Ni dai rabona kilomita 6 ne ko 7, daga rairayin Marloes zuwa mashigin Martin's Haven, inda jirgi ke jira da ƙarfe goma.

Hanyar ba ta da shinge ta ɓangaren teku. A hannun dama gona ce da waya, a hannun hagu kuwa ƙasa takan yanke tsaye, ta bar mutum yana leƙen ruwa daga nisan da ya ɗara tsawon gidan sama mai hawa goma. A ƙasa, duwatsun rairayin Marloes sun miƙe kamar an jera alluna a tsaye, wasu toka-toka, wasu ja kamar jar ƙasar tukwane. Masana ilmin duwatsu sun ce shimfiɗaɗɗen yashi da laka ne da suka kwanta fiye da shekaru miliyan 400 da suka wuce, daga baya motsin ƙasa ya tayar da su tsaye. Da yake ruwa ya janye a safiyar, bayan na wuce tsibirin Gateholm na hangi wani baƙin ƙarfe ya leƙo daga cikin yashi. Ragowar jirgin Albion ne, mai tafiya da tururi, wanda ya bugi dutse a 1837 aka tuƙo shi da ƙyar zuwa wannan gaɓa aka ceci fasinjojinsa. Sunansa rairayin ya gada.

A cikin wata sarƙaƙiyar ƙaya da ke gefen hanya na ji wani ɗan tsuntsu yana ta kuka da wata murya mai kaushi, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Ya tashi sama kaɗan yana kukan, ya komo ya lafe. Bayansa ruwan ƙasa, kansa toka-toka, maƙogwaronsa fari fat, kuma da wannan farin maƙogwaro Turawa suka raɗa masa suna. Nauyinsa bai wuce giram 15 ba. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, saboda rabin shekararsa a wajenmu yake yi. Idan sanyi ya gabato a Turai, cikin watannin Agusta da Satumba, irin wannan tsuntsu yakan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara ya sauka a yankin Sahel, daga Senegal zuwa Nijar da arewacin Najeriya har Chadi da Sudan, ya ci hunturu a can. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masana da suka yi aiki a Malam Fatori, bakin tafkin Chadi, sun lura cewa kafin su juyo arewa tsuntsayen kan cika cikinsu da 'ya'yan itacen nan da ake yin asuwaki da shi, su tara kitsen da zai ƙetarar da su hamada.

A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka wayi gari suka ga fiye da biyu bisa uku na waɗannan tsuntsaye ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gida ba a samu ba. Sai bayan 'yan shekaru aka gane cewa daminar 1968 ce ta gaza a Sahel, ciyayi suka bushe, ƙwari suka yi ƙaranci, tsuntsayen suka mutu a can ko a kan hanya. Wato dai wannan ɗan tsuntsu ya kai wa Turai labarin farin nan da ya yi tsanani a 1972 da 1973, ya ƙarar da garkunan makiyaya ya kuma hallaka ɗimbin bayin Allah, tun kafin jaridun Landan su san akwai abin da ke faruwa.

Daga nan hanya ta miƙe ba wani abin faɗi, sai iska da furanni masu ruwan hoda da suka manne a bakin dutse, sai kuma wani hankaka baƙi wuluk, ba shi da farin ƙirji irin namu, amma bakinsa da ƙafafunsa jawur. A ƙarshen ƙasar akwai wani fili da aka kewaye da katangar dutse tun ƙarni biyu da suka wuce domin kiwon bareyi. Har yau sunansa filin bareyi, ko da yake babu shaidar an taɓa sakin barewa ko ɗaya a ciki. A kan tudun da ke ƙarshensa, inda masu aikin sa kai ke zama a wani ɗan ɗaki suna lura da jiragen ruwa, mutum zai ga mashigin Jack Sound wanda ya raba babbar ƙasa da tsibiran. A wannan gaɓa teku kan cika ya janye sau biyu a yini, kuma a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa bambancin yakan wuce mita 6. Duk wannan ruwa sai ya matsu ya bi ta ƙunƙuntar mashigin, yana gudun da kan kai kilomita 11 a sa'a, yana tafasa a kan duwatsun da ke ɓoye. A nan Albion ya gamu da ajalinsa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum 250 kacal ake bari su sauka a tsibirin Skomer a yini guda, daga watan Afrilu zuwa Satumba, kuma tikitin watan Yuni kan ƙare da wuri. A da sai an yi sammako an bi layi a ƙofar ofishin da ke Martin's Haven, yanzu kuwa ta intanet ake saye. Duk da haka tikiti ba ya hana iska kaɗawa. Matsayar jirgin a tsibirin tana fuskantar arewa, saboda haka idan iska ta taso daga can sai a soke tafiya, kowa ya koma inda ya fito. Mu dai mun yi sa'a. Muka shiga jirgin, mu kimanin 50, aka zauna gwiwa da gwiwa a kan benci.

Tafiyar minti 15 ce. Wanda ya saba da kwale-kwalen kogin Kwara ko Binuwai zai ji bambanci tun daga fitowa mashigi, domin ruwan teku ɗaga jirgi yake yi gaba ɗaya ya sauke shi a hankali, cikin mutum ya biyo baya. Na riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ban kuwa ji kunya ba. Can sai ga kan wata dabba ya ɓullo kusa da duwatsu, mai manyan idanu da gashin baki. Ita ce sil, mai kama da ayu a jiki, sai dai ita kifi take ci, kuma daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba takan hau rairayin waɗannan tsibirai ta haifi ɗanta fari sol. Da muka kusa tsibirin sai ruwa ya cika da ƙananan tsuntsaye baƙi da fari, wasu na nutsewa gaban jirgi, wasu na gudu a kan ruwa suna neman tashi.

Matakala 87 ake hawa daga matsayar jirgi. A samanta ma'aikatan ƙungiyar kare namun daji ta kudu da yammacin Wales, wadda ke kula da tsibirin, sukan tara baƙi su yi musu gargaɗi guda da suke nanatawa: kada kowa ya sauka daga kan hanya, ko da taku ɗaya. Dalili shi ne ƙasar tsibirin duk ramuka ce. Faɗinsa bai cika murabba'in kilomita 3 ba, amma ƙarƙashin ciyawar akwai ɗaruruwan dubban ramuka, kowanne da ƙwai ɗaya ko ɗan tsako ɗaya. Wanda ya kauce domin ɗaukar hoto yana iya burma rufin gida a kan mai shi.

Tsuntsun da kowa ya zo gani shi ne fafin. Bai kai tantabara tsawo ba sosai, ƙirjinsa fari, bayansa baƙi, ƙafafunsa ruwan lemo, bakinsa kuwa faffaɗa mai ja da rawaya da shuɗi kamar an yi masa kwalliyar salla. Wannan ado na lokacin aure ne kawai, idan kaka ta yi sai ɓawon bakin ya zube. A wani wuri da ake kira Wick, inda teku ya tsaga dutse ya shigo, hanyar mutane ta ratsa tsakanin bakin dutse da ramukansu, saboda haka sai ka ga fafin ya sauko da 'yan kifaye jere a baki, ya tsaya yana jiran mutane su ba shi hanya. Jiran nan ba wasa ba ne a gare shi, domin manyan tsuntsayen teku na shawagi suna neman ƙwace abin da ya kamo. Ƙwai ɗaya macen ke yi a shekara, a kwanta a kansa kimanin mako 6, a ciyar da ɗan wani mako 6, sannan wata rana da daddare ya fito shi kaɗai ya faɗa teku. Kafin tsakiyar Agusta babu fafin ko ɗaya a tsibirin. Ƙidayar 2023 ta nuna sun haura 42,000 a Skomer, alhali a wurare da dama na arewacin Turai raguwa suke yi.

Amma ainihin masu tsibirin ba a ganinsu da rana. Abin da mai ziyara ke gani shi ne gawarwakinsu a gefen hanya, fikafikai biyu dogaye da ƙashin ƙirji, an cinye sauran. Waɗannan su ne tsuntsayen da ake kira shiyawota. Ƙidayar 2018 ta samu ma'aurata kusan 350,000 a Skomer, kuma idan aka haɗa da na tsibirin Skokholm da ke kudu, kusan rabin irinsu na duniya ke nan. Ƙafafunsu suna can baya ƙwarai, abin da ya sa suka ƙware a iyo amma a tudu sai jan ciki. Duk wanda hasken rana ko na farin wata ya kama a waje, wani ƙaton tsuntsu mai baƙin baya zai yi kalaci da shi. Shi ya sa ba sa zuwa ramukansu sai dare ya tsala. A watan Satumba 'ya'yan kan tashi, ba uwa ba uba, su nufi gaɓar Birazil da Ajantina, tafiyar kimanin kilomita 10,000.

A Skokholm ne Ronald Lockley, wanda shi ne kuma ya auna hanyar ƙafar da na biyo, ya kafa tashar nazarin tsuntsaye ta farko a Birtaniya a 1933. A 1952 aka ɗauki shiyawota guda daga raminsa a can, aka kai shi birnin Boston na Amurka aka sake shi. Cikin kwana 12 da rabi ya ƙetare tekun Atlantika, kilomita 5,000 da ɗoriya, aka same shi a cikin raminsa.

Duk wannan arziki ya dogara ne a kan rashin abu guda, wato ɓera. Akwai zomaye da aka kawo tun ƙarni 7 da suka wuce, akwai kuma wani ɗan kusun ciyawa da ba a samun irinsa ko'ina sai a nan, amma babu ɓeran gari, babu kyanwa, babu yanyawa. Shi ya sa ake roƙon baƙi su zo da jakunkuna a rufe su kuma bincika cikinsu kafin shiga jirgi. Tsibirin Ramsey da ke arewa ya ga abin da ɓera ke yi. Ɓerayen da suka tsira daga jiragen da suka nutse sun cinye ƙwai har fafin ya ƙaurace wa wurin. Bayan da aka kawar da su a 1999 da 2000, shiyawota suka ƙaru daga ma'aurata ƙasa da 1,000 zuwa fiye da 6,000 a 2022.

Na yi azahar a gefen tsohon gidan gona da ke tsakiyar tsibirin, wanda manomin ƙarshe ya bari a 1950, sannan na nufi ƙarshen yamma. Daga can ana hango Grassholm, wani dunƙulen dutse mai nisan kimanin kilomita 11, gefensa guda fari kamar an zuba masa gari. Farin nan tsuntsaye ne da kashinsu, wato ganet, manya masu faɗowa ruwa daga sama kamar mashi. Masu nazari sun ƙiyasta cewa akwai robobi da igiyoyin kamun kifi kimanin tan 18 a cikin sheƙunansu, har ma'aikata kan je a ƙarshen kaka su yanke wa 'ya'yan da suka sarƙe. Murar tsuntsaye ta 2022 ta fi wannan muni. Sheƙuna kimanin 34,000 aka ƙirga a wannan shekara, a 2023 kuwa 16,000 da 'yan kai. Ma'aikatan Skomer ba su da katangar da za ta tare irin wannan cuta.

Idan mutum ya juya arewa maso gabas, cikin mashigin St Brides, zai ga manyan jiragen dakon mai sun yada anga suna jiran izinin shiga Milford Haven. Tashar na bayan tudun da ke kudu maso gabas. Tun 1960 aka fara tace mai a bakinta, kuma ko da yake matata ɗaya ce ta rage, tun 2009 jiragen iskar gas daga Katar da wasu ƙasashe ke sauke kaya a can. A daren 15 ga Fabrairun 1996 jirgin Sea Empress, ɗauke da ɗanyen mai kimanin tan 130,000, ya hau duwatsun da ke bakin tashar kusa da St Ann's Head. Aka shafe kwana 6 ana fama da shi cikin iska da igiyar ruwa, yana sauka daga wannan dutse yana hawa wancan, har tan 72,000 ya malala. Gaɓa mai tsawon kilomita 200 ta ɓaci, aka tsinci tsuntsaye kimanin 7,000 matattu ko jiƙe da mai, ban da waɗanda suka nutse ba a gani ba, aka kuma hana kamun kifi na watanni. A 1999 kotu ta ci tarar hukumar tashar fam miliyan 4, a ɗaukaka ƙara aka rage zuwa fam 750,000.

Abin da ya tsirar da Skomer shi ne lokaci da iska. A watan Fabrairu shiyawota suna can kudancin Atlantika, fafin suna tsakiyar teku, iska kuma ta kora galibin man kudu da gabas. Da a watan Yuni haɗarin ya auku, ko da iskar ta juya, da wani labarin ake bayarwa. Kafin hutun Ista na wannan shekara an wanke manyan rairayin da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa. Ɗan Najeriya da ya ji haka ba zai rasa tuna ƙasar Ogoni ba, inda rahoton hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce aikin tsabtacewa na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Wajen ƙarfe uku jirgi ya dawo ya kwashe mu. Ruwa ya juya, ya fi na safe motsi, wata yarinya ta yi ta kuka har muka sauka. Mafi yawan abokan tafiya suka shiga motocinsu suka kama hanya. Ni kuwa bayan na ɗan huta na sake hawa tudun filin bareyi na zauna jiran faɗuwar rana, domin a irin wannan lokaci ne shiyawota da suka yini kamun kifi a nesa kan taru a kan ruwa kusa da tsibirin. Bayan ƙarfe tara, da taimakon madubin hangen nesa, na fara ganinsu, dogon layi ƙasa-ƙasa da ruwa, su karkata su nuna baƙin baya, su sake karkata su nuna farin ciki. Suka sauka suka yi wata baƙar shimfiɗa a kan teku, suna jiran duhu. Can bayansu jiragen mai uku da ke kan anga suka kunna fitilunsu ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ya fara ratsa rigata, ga sauran kilomita 3 zuwa Marloes, sai na miƙe.